Cire tsakiyar bidiyo a Shotcut, manhajar gyara bidiyo, ba tare da barin gurbi ba

Ɗan'uwa, ka ce ka cire inda kyamara ta girgiza a bidiyon sunan ɗanka, sai baƙin fili ya rage a tsakiya. Da alama Delete ko Z ka danna, su kuwa ɗauke guntun suke yi su bar gurbinsa.

Kai layin da ke tafiya kan bidiyon farkon wurin, danna S, kai shi ƙarshensa, sake danna S. Zaɓi guntun tsakiya ka danna X, sauran zai matso da kansa. In akwai kiɗa a layin ƙasa, ba zai matso tare ba sai ka kunna Ripple All Tracks, maɓallin da ke sa duk layukan su matso tare, nan ne mutane da yawa ke rikicewa. Asalin fayil ɗinka kuwa ba ya taɓuwa, Export ne zai fitar maka da sabo.