Tambayoyin Masu Karatu: Lensi Iri Ɗaya, Hoto Daban-daban

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni da abokin sana'ata muna ɗaukar hoton biki a Zariya, kowannenmu yana riƙe da kyamarar Canon 600D da lensin 18-55mm da ya zo tare da ita. Hotunansa suna fita tangaram, nawa kuwa idan na jera dangin amarya, fuskokin waɗanda ke hagu sukan yi dishi-dishi alhali na dama sun fito sarai. Shin jabu aka sayar mini?

Amsa: Wa alaikumus salam. Da wuya ya zama jabu, domin abin da ka gani sananne ne ga masu wannan sana'a. Lensin EF-S 18-55mm IS II, wanda Canon ya fitar a 2011, yana ɗauke da gilasai 11 da aka jera rukuni 9, kuma dole ne dukkansu su zauna a kan layi ɗaya, su ci gaba da zama a kansa ko da rukunonin suna gaba da baya a cikin kwanson roba duk lokacin da ka murɗa zum. Masana'anta ba ta neman daidaito na ƙarshe a kaya mai araha irin wannan, iyaka take sanyawa, duk wanda ya faɗa cikinta ta sallame shi kasuwa. Saboda haka lensi biyu za su fito uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaya ya fi ɗaya kaifi. Roger Cicala, wanda ya kafa kamfanin hayar kayan hoto na Lensrentals a Amurka, ya auna kwafi masu yawa na lensi iri ɗaya, ya nuna cewa har masu tsada ba su tsira daga wannan bambanci ba, kuma masu zum sun fi fama da shi.

Abin da ya fi jan hankalina a wasiƙarka shi ne gefe ɗaya ne kawai yake lalacewa. Wannan alama ce ta gilashin da ya kauce daga tsakiya ko ya ɗan karkata, ko dai tun daga masana'anta, ko kuwa sakamakon faɗuwa, musamman idan na hannu ka saya, tunda har bakin da yake maƙalewa a jikin kyamarar na roba ne.

Kada ka yanke hukunci da hoton biki, inda mutane ke motsi, hannunka ma yana motsi. Ka manna shafin jarida a bango mai santsi, ka ɗora kyamara a kan ƙafa uku tana fuskantar bangon kai tsaye, ka kashe IS (na'urar hana girgizar hoto da ke cikin lensin), ka sa ISO (ma'aunin yadda kyamara ke karɓar haske) a 100, ka sa ta jira daƙiƙa 2 bayan ka danna kafin ta ɗauka, sannan ka saita gani ta allon baya bayan ka faɗaɗa rubutun. Ka ɗauka a 18mm da 35mm da 55mm, ƙofar haske a buɗe duka, ka maimaita a f/8, wato bayan ka tsuke ƙofar. Daga nan ka cire lensinka ka sa na abokinka a kan kyamarar nan taka ba tare da ka gusar da ita ba. Idan rubutun hagu ya washe da nasa, lensinka ne mai laifi. Idan kuwa hotunan gwajin duk sun yi kyau, to mai yiwuwa ba ka fuskantar jerin mutanen kai tsaye ne, ko kuwa saitin gani na kai-da-kai ne yake kuskure, wanda 600D ba ta da wurin da za ka gyara shi da kanka.

In ya tabbata gilashi ya karkata, ni ban ga hikimar kai shi gyara ba, domin daidaita shi yana buƙatar kayan awo, kuma kuɗin aikin zai iya kusantar kuɗin wani lensin. Idan mai shago zai karɓa, ka musanya, amma ka gwada sabon a gabansa. Kafin nan, ka riƙa ɗaukar hoton dangi a f/8, ka ɗan ja baya yadda ba wanda zai tsaya a can ƙarshen hagu.