Na yi niyyar ganin likitan damuwa a sabuwar shekara, ta ina zan faro?

Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce a Kaduna. Tun bara barci ba ya ɗaukata sai gabanin asuba, abinci ya fita raina, wani lokacin ina tsakiyar darasi sai hawaye su cika mini ido ba dalili. Na ƙudurta cewa da shigowar Janairu zan nemi taimako. Wa ya kamata in gani, kuma asibitin gwamnati zan je ko na kuɗi?

Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya ba ki lafiya. Abin da kika lissafa ya yi kama da ciwon damuwa, wanda likitoci ke fara zarginsa idan irin wannan hali ya wuce mako 2 bai sake mutum ba, ke kuwa ga shi kin doshi shekara. Kin yi daidai da kika yanke shawara, sai dai ina roƙonki ki sa wa niyyar rana. "Cikin Janairu" ba rana ba ce. Ki ce ranar Talata mai zuwa da safe, ki nemi izini a wurin aiki tun yanzu.

Masu wannan aiki iri biyu ne. Likitan ƙwaƙwalwa cikakken likita ne, shi ke tantance ciwo ya rubuta magani. Masanin halayyar ɗan Adam na asibiti kuwa ba ya rubuta magani, aikinsa zama da ke a tattauna, ya koya miki yadda za ki kama tunanin da ke tsunduma ki cikin ƙunci. Misali, ɗaliba ta faɗi jarrabawa, zuciyarki ta ce "ni ba ni da amfani". Zai sa ki rubuta wannan tunani a littafi, ki kawo hujjar da ta gaskata shi da wadda ta ƙaryata shi, a zama na gaba ku duba tare. Tunda naki ya taɓa barci da ci, ki fara da likita. Zai iya sa a gwada jininki, domin ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo su ma suna kawo kasala da mutuwar jiki. Daga nan ki ce masa kina son a haɗa ki da mai tattaunawa, kada ki jira sai ya ambata.

A Kaduna akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa. Akwai irinsa a Kware ta Sakkwato da kuma Maiduguri, Kano na da na Dawanau, sannan asibitocin koyarwa na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya suna da sashen ƙwaƙwalwa. Na san abin da ke tsayar da mutane a bakin ƙofar: tsoron a gan su a ce sun haukace. Yawancin masu zama a kan bencin nan mutane ne da suka zo da ƙafarsu, za su ga likita su koma bakin aikinsu.

Batun kuɗi shi ne inda niyyar Janairu ta fi mutuwa. Maganin tattaunawa ba zama ɗaya ba ne. Akan yi shi mako-mako, kowane zama kusan awa guda, kuma sau da yawa yakan kai zama 6 zuwa 20. To, watan nan ne na kuɗin makarantar yara da sauran nauyi. Kafin ki zaɓi wuri, ki tambayi kuɗin kati da na kowane zama, ki ninka na zaman sau 6, ki ƙara kuɗin mota. Idan asibitin kuɗi zai cinye albashinki a zama biyu ki tsaya, gara ki jure layin na gwamnati ki kai ƙarshe. Idan kina da inshorar lafiya ta wurin aiki, ki tambaye su abin da take ɗauka.

Wani mai tambaya kuma ya ce: Ina aiki a Legas, lokaci ba ya isata. Na ga wani a Instagram yana tallan rangwamen sabuwar shekara, in biya kuɗin wata 3 gaba ɗaya, muna magana ta WhatsApp. In biya?

Ɗan'uwa, kada ka biya wata 3 ga mutumin da ba ka taɓa zama da shi ko sau ɗaya ba. Ganawa ta waya ko bidiyo tana amfani ga damuwa da fargaba marasa tsanani, matsalar ba a nan take ba. Matsalar ita ce a intanet kowa na iya kiran kansa mai ba da shawara. Ka tambaye shi kai tsaye: me ya karanta, a wace jami'a, a wane asibiti ya samu horo? Idan ya ce likita ne, dole ya kasance da rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya.

Ka biya na zama ɗaya ka gani. Yana saurarenka ko wa'azi yake yi maka? Ya faɗa maka yadda zai tsare sirrinka? Idan da Hausa ka fi iya bayyana abin da ke ranka, ka nemi mai jin Hausa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Duk wanda ya yi maka alkawarin warkewa cikin kwana kaza, ko ya fara tallata maka wasu ƙwayoyin da yake sayarwa, ka rabu da shi. Idan ka fi son ido da ido, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana nan a Yaba.

Maigidana ya ce addu'a ta isa, zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa tonon asirin gida ne. Tun da na haihu nake cikin ƙunci.

'Yar'uwa, kada ki bar addu'a, kada kuma ki bar asibiti. Da zazzaɓi ne ya kwantar da ke, da ya kai ki asibiti yana yi miki addu'a a hanya. Ƙunci bayan haihuwa ciwo ne sananne, yana da magani, kuma yana shafar jaririn idan aka bar shi. Ki roƙi maigidan ya raka ki zuwan farko ya ji daga bakin likita, ko ki sa wani babba da yake jin nauyinsa ya yi masa magana. Ranar rigakafin jariri ma za ki iya faɗa wa ma'aikaciyar jinya halin da kike ciki. Game da sirri, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi kare sirrin mara lafiya. Ki kuma sanar da likita cewa kina shayarwa kafin ya rubuta komai.

Idan kuwa tunanin cutar da kanki ko jaririn ya fara zuwa miki, wannan ba ya jiran izinin kowa ko wata sabuwar shekara. Ki faɗa wa wanda ke kusa da ke, a kai ki sashen gaggawa na asibiti mafi kusa a ranar.

An ba ni magani, mako 2 ban ga canji ba. In daina?

A'a, Malam. Magungunan damuwa sukan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a fara jin sauƙi, wani lokacin har 6. Bayan an samu sauƙi ma akan ci gaba da sha na aƙalla wata 6 don kada ciwon ya dawo, kuma yanke shi rana ɗaya yakan jawo jiri da tashin zuciya da rashin barci. Ka rubuta duk abin da kake ji a jikinka, ka kai wa likitan ranar da ya ce ka koma. Idan abin ya matsa maka kafin ranar, ka koma da wuri.