Hukuncin kiwon kifi da murjani a akwatin gilashi da ɗaukar su hoto

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗan kasuwa ne a Garwa, ƙasar Kamaru. Na kafa akwatin gilashi a falona, na haɗa ruwan gishiri irin na teku, ina kiwon ƙananan kifaye masu launi da murjani mai rai da aka kawo mini ta Duwala. Da daddare nakan kunna shuɗiyar fitila in ɗauke su hoto da waya in sa a WhatsApp, ina kuma son in wanke wasu in rataye a bango. Yayana ya ce mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da ke da hoto, kuma tsare kifin zalunci ne. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ɗan'uwa, abin da ya rinjaya a wurina shi ne ɗaukar hoton halal ne, kiwon ma halal ne, amma kiwon yana da sharaɗi mai nauyi, kuma can ne nake ji maka tsoro, ba wajen hoton ba.

Maganar yayanka, Allah ya saka masa da alheri, tana da tushe. Hadisin Abu Ɗalha cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare ko sura yana cikin Buhari da Muslim. Haka nan hadisin Ibn Abbas, da wani mai sana'ar zane ya tambaye shi, ya gargaɗe shi da azabar masu yin sura, sannan ya ce idan ya zama dole to ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Saɓanin malamai yana kan wace sura ake nufi.

Malamanmu na Malikiyya, kamar yadda Shehu Dardir ya warware a sharhinsa na Muhtasar Halil a babin walima, sun ce surar da take haram ita ce ta abu mai rai, wadda take da jiki har tana yin inuwa, kuma gaɓoɓinta sun cika. Wadda aka zana a takarda ko bango ko tufa ba ta kai haram ba: makaruhi ce idan an ɗaukaka ta, barinta kuma ya fi ko da a wurin da ake takawa ne. Daga cikin hujjojinsu akwai togewar da ta zo a hadisin Abu Ɗalha kansa, "sai dai zane a jikin tufa", wadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Wannan hukuncin zanen hannu ke nan. Shi kuwa hoton kyamara, Shehu Muhammad Bahit al-Muɗi'i, Muftin Masar wanda ya rasu a 1935, ya yi fatawar halascinsa, ya ce tsare inuwar halittar Allah ne kamar yadda take bayyana a madubi, mai ɗauka bai ƙaga ido ko baki da hannunsa ba, saboda haka illar kwaikwayon halitta ba ta same shi ba. Shehu Ibn Baz da Shehu Albani sun hana sai da lalura, kamar hoton katin shaida. Wanda ya bi su don tsantseni ba a zarginsa, shi ma bai kamata ya zargi wanda ya bi ɗaya ɓangaren ba. Ni na fi natsuwa da magana ta farko, balle hoton da ke cikin waya, wanda kana kashe ta ya ɓace wa ido.

Murjani ya fi sauƙi. Gaskiya ne masana halittu sun tabbatar dabba ne, ƙananan halittu ne masu baki da 'yan yatsu, suna taruwa su gina wa kansu ƙashi na farar ƙasa. Amma a hoto ba shi da kai ba shi da fuska. A hadisin Abu Huraira da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, Mala'ika Jibrilu ya yi umarni a cire kan mutum-mutumin da ke gidan Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, har ya koma kamar siffar itace. To murjani tun asali a siffar itace yake.

Rataye hoton kifi a bango kuwa, ka bar shi ya fi, don ka fita daga saɓani, kuma ka sanyaya wa yayanka rai ya riƙa shiga falonka ba tare da ƙunci ba. Rataye na murjanin kaɗai babu komai. Ko wanne ne, kada ya kasance a gaban mai salla, shi kansa akwatin ma haka, domin Annabi ya ce wa Nana A'isha ta kawar da labulenta saboda zanensa yana gitta masa a cikin salla. Sannan ka leƙa cikin akwatin naka. Masu sayar da waɗannan kaya sukan haɗa da 'yan gumaka na ado, mutum mai ninƙaya ko kunkuru na roba, wani lokaci har da gunkin da wasu al'ummai ke bauta wa. Wannan shi ne mai inuwa mai cikakkun gaɓoɓi da mazhabarmu ta haramta. Idan akwai, ka fitar da shi yau.

Yanzu ga inda nauyin yake. Tsare dabba don jin daɗin kallonta ya halatta, hujja kuwa hadisin Anas ne game da ƙanensa Abu Umair da ke da ɗan tsuntsu yana wasa da shi, Annabi ya sani bai hana ba. Amma hadisin Ibn Umar yana nan a gefensa: mace ta shiga wuta saboda kyanwa da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba. Kifin da ke Binuwai ko tafkin Lagdo, idan ruwa ya yi masa zafi sai ya nutsa ƙasa, ba wanda za a tambaya game da shi. Wanda ka ɗauko daga teku ka kawo Garwa, numfashinsa da abincinsa da sanyin ruwansa duk sun dawo wuyanka.

Waɗannan halittu suna son ruwa mai zafin digiri 24 zuwa 27, da gishiri wajen giram 35 a kowace lita. A cikin naman murjani akwai wasu 'yan tsirrai da ido ba ya gani, su ke samar masa da mafi yawan abincinsa daga haske. Idan ruwa ya haura digiri 30 ya daɗe a haka, sai ya fitar da su, ya yi fari fat, in ba a yi sauri ba ya mutu da yunwa. Kai ka san Garwa a watan Maris da Afrilu, zafi yana wuce digiri 40, ga ɗauke wuta. Famfon da ke juya ruwan yana tsayawa iska za ta fara ƙarewa, sai ka ga kifin ya taso sama yana haki. Don haka na ce: idan kana da injin sanyaya ruwa, da batir ko sola ko janareto da zai karɓa in wuta ta tafi, da amintaccen mutum da zai kula in ka yi tafiyar kasuwa, kiwon ya halatta, har kana da lada, domin hadisi ya ce a cikin kowace hanta ɗanya, wato kowane mai rai, akwai lada. Idan babu, kana saye suna mutuwa kana sake saye, to haram ne ka ci gaba. Ka haɗa azabtar da dabba da tozarta dukiya, wadda hadisin Mugira ɗan Shu'uba ya ce Allah ya ƙi mana. A irin wannan hali ka koma ga kifin ruwan daɗi na ƙasarmu mai jure zafi.

Wajen ɗaukar hoton ma haƙƙin nan yana aiki. Masu gwaninta sukan kashe famfo don ruwa ya kwanta, su liƙa kyamara daidai da gilashi, su sa gilashi mai launin ruwan lemo a bakinta don rage shuɗin fitila. Duk wannan ba laifi, muddin ba ka mance famfon a kashe ka tafi barci ba. Abin da ba ya halatta shi ne buga gilashi don kifi ya fito daga maɓoyarsa, ko hana shi abinci don ya biyo hannunka, ko ciro murjani daga ruwa kana juya shi neman kyakkyawan haske, ko haske su da walƙiyar kyamara bayan ka ga suna firgita. Kafin ka aika hoto kuma ka duba shi da kyau, gilashi yana ɗaukar inuwar ɗaki, sau da yawa uwargida tana zaune a baya ba mayafi, mai ɗauka bai lura ba.

Idan wata rana ka fara yanka rassan murjani kana sayarwa, kada ka ƙara wa hoto launin da abin ba shi da shi, wannan algus ne, kuma "wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu". Ka kuma tambayi mai kawo maka takardun izini, domin murjani mai ƙashi yana cikin halittun da yarjejeniyar CITES ta 1973 ta ƙayyade cinikinsu tsakanin ƙasashe, Kamaru da Cadi duka sun shiga cikinta. Ka fifita wanda aka raina a gona a kan wanda aka fasa daga teku.

Kuɗin da wannan sha'awa ke ci ba kaɗan ba ne. Ba zan kira shi almubazzaranci ga mai wadata da ya fitar da zakkarsa, ya sauke haƙƙin iyalinsa da danginsa ba, domin Allah da kansa ya ambaci lu'ulu'u da murjani cikin ni'imominsa a Suratur Rahman. Amma idan akwai bashi a kanka, ko kuɗin makarantar yara yana jira, su ne a gaba, akwatin ya dakata.

Wallahu a'alam.