Amsa ga mai tambaya kan kaluluwar hammata

Wallahi 'yar'uwa, da na karanta tambayarki sai da na ajiye waya na yi shiru. Kin ce sikanin bai nuna komai a hammatarki ba, amma likita ya ce ba zai tabbatar ba sai an shiga tiyata, shi ne kike son sanin ko ana iya gane sankarar mama ta kai kaluluwa tun kafin a yanka. Gaskiya ya faɗa miki, ki riƙe wannan likitan hannu bibbiyu. Ni nawa na farko ba haka ya yi min ba.

Yatsu biyu ya danna min a hammata, ya juya wurin nas ya ce, "Ai ya riga ya bazu." Ko kallona bai yi ba. Rigata ma ban gama mayarwa ba, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, shi kuwa yana ta rubutunsa. Bai tura ni sikanin hammata ba, balle a zuƙo wani abu da allura a duba. Kwana 19 na yi da maganar nan a ƙirjina. In farka tsakar dare in yi ta laluben wurin har ya yi ja, in zauna ina kallon 'yata tana barci. Har bashin da ake bina na rubuta wa ƙanwata. Aka cire min kaluluwa 17, sakamako ya fito, biyu kacal ke da cutar. Sanadin cirewar nan, yau shekara huɗu ke nan hannuna na hagu yana kumbura, zobena ya daina shiga, kullum ina cikin safar nan mai matse hannu. Yafiya kam ina dai ƙoƙari.

Laluben hannu yana yaudara. Ƙurji ma kan tayar da kaluluwa, wata kuma tana ɗauke da cutar da ba ta kai milimita 2 ba, sikanin ba zai gan ta ba. Shi ya sa naki ya ƙi yin alkawari.

Ki tambaye shi ko za a yi miki gwajin kaluluwar farko, wadda ruwan jiki da ke fitowa daga wajen mama ke fara zubawa cikinta. Ana yin allurar shuɗin ruwa ko wani sinadari da na'ura ke bin sawunsa, a ga inda ya fara sauka, a ciro ɗaya zuwa uku a duba. In suna da tsabta, sai a bar miki sauran. Ko an samu a ɗaya ko biyu ma ba lallai a kwashe duka ba. Binciken Z0011 na Amurka da aka fitar a 2011 ya duba matan da ƙarinsu bai wuce santimita 5 ba, ba a ji kumburi a hammatarsu ba, aka cire ƙarin kawai aka yi musu gashin na'ura mai kashe sankara, kuma kwashe sauran kaluluwar bai ƙara musu tsawon rai ba. Da na ji wannan, kuka na yi.

Akwai kuma lissafin da asibitin Memorial Sloan Kettering ya fitar a 2003, ana sa girman ƙari, da matakin zafinsa, da ko ya shiga hanyoyin ruwan kaluluwa, ya ba da kaso cikin ɗari na yiwuwar sauran sun kamu in an samu cutar a ta farkon. Don Allah kada ki zauna ke kaɗai da dare kina dannawa, ni na yi, barcin ma ya gagara. Ki bari ku duba tare da likita.

Af, ki tafi da wani ya riƙa rubuta abin da ake faɗa, don kunne toshewa yake yi a ɗakin nan. In kin ga N1 a takardarki bayan tiyata, kaluluwa ɗaya zuwa uku ke da cutar ke nan, N2 huɗu zuwa tara. Kuma in aka yi miki shuɗin ruwan, fitsarinki zai canja launi kwana ɗaya ko biyu, kada ki firgita. Yaushe aka sa miki ranar tiyatar?