Takalman Anko Ƙafa Arba'in da Har Yau Ba a Cika Mini Kuɗinsu Ba

Ka tambaye ni jiya ina cikin lissafi ban kula ka ba. Ka ce wata baiwar Allah ta zo ba na nan, tana son takalmin fita biki mai kyan gani wanda ba zai ci mata ƙafa ba, kai kuma ka ce mata ba komai, za ka ƙara soso a ciki, shi ne kake tambaya ko soson rabin inci ya isa. Soso! Shekara uku kana zaune a gabana, abin da ka tsinta ke nan? Da soso ne maganin ciwon ƙafa, da masu katifa sun ƙwace mana sana'a tuntuni. Ajiye wayar nan ka saurara, don tambayar taka ta fama mini wani tsohon miki.

A 2016 ne, shekarar da dala ta yi tashin gwauron zabo. Ka je Ƙofar Wambai da safe ka sayi gam, ka koma da yamma a ce maka ya ƙara kuɗi. Sol, dunduniya, ƙarfen ciki da ke riƙe tsakiyar takalmi, duwatsun ado, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya gagari talaka. Ana cikin wannan hali wata Hajiya ta faka mota a ƙofar shagon nan, turarenta ya riga ta shigowa. Za ta aurar da 'yarta, tana son takalmin anko na ƙawayen amarya da 'yan'uwa, ƙafa arba'in, cikin sati uku. Ta miƙo mini waya da hoto: ruwan gwal, baki tsuke kamar na tsuntsu, tsini inci 4, siriri kamar tsinken tsire. Ta zaro takarda an jera lambobi, wance 38, wance 40, wance 41.

Na ce, Hajiya, lamba ba ƙafa ba ce. A turo mini su in sa a auna, ko in ba da kwali a zana mini ƙafar kowacce. Ta dube ni sheƙeƙe ta ce 'yanmatan wasu suna Abuja wasu suna Kaduna, in ba zan iya ba in faɗa mata, akwai mai yi mata a Aba. Da na ji an ambaci Aba sai zuciya ta ɗebe ni. Ni da na gaji dukanci wurin mahaifina, a gabana za a yi mini gorin Aba? Ga kuma kasuwa ta mutu, ga kuɗin makarantar yara. Na karɓi kashi ɗaya cikin uku kafin alƙalami, ba takarda ba shaida, wai ai babbar mace ce. Laifina na farko ke nan.

Laifina na biyu, wanda ban taɓa gaya wa kowa a shagon nan ba: ba ni da las ɗin tsini inci 4, las kuwa shi ne abin nan mai siffar ƙafa da ake haɗa takalmi a kansa. Wanda nake da shi na inci 2 ne. Kowane las da tsayin dunduniyar da aka sassaƙa shi dominta, lanƙwasar cikinsa da yadda yatsu za su zauna duk a kan wannan tsayi aka gina su. Na san haka sarai, amma na ce a raina wa zai gane. Na ɗora, na ɗinka, na kafa doguwar dunduniya a ƙarƙashin takalmin da ba nata ba. A kan tebur sun yi kyau, har maƙwabta suna leƙowa. To amma mace tana sa ƙafa sai dunduniyar ta karkace, ƙafar ta zurara gaba, yatsu biyar su cunkushe a wurin da uku ma ba za su sake ba. Na kuwa zuba soso a ciki, irin wannan dabarar taka, sai ya ƙara cinye ɗan filin da ya rage.

Kwana goma sha tara ina kwana a shago, ni da yara biyu. Na ci bashin fata a Majema, na ci bashin dunduniya. Direbanta ya zo ya kwashe, aka ce ciko sai bayan biki. Bayan biki da kwana huɗu sai ga direban nan da jakar Ghana-mas-go, ya dire ta a nan inda kake zaune. Takalmana ne, ƙafa talatin da ɗaya. Ƙasansu duk ya goge, wasu da jan lalle a ciki, ɗaya har da cingam a manne. Wai Hajiya ta ce sun yi wa yara bororo, ba za ta biya ba, in ma gode Allah ba ta ce in maido kafin alƙalami ba. Ina sauran ƙafa tara? Oho.

Na je gidan sau biyar. Sau biyu maigadi ya ce ta yi tafiya alhali ga motarta ina gani. Ran da na same ta na ce, Hajiya, na yarda akwai nawa laifin, a rage wani abu a ba ni saura. Ta ce ko sisi. Abin da ya fi ƙona mini rai, wani yarona ya nuno mini bidiyon dinar a waya, ga 'yanmata nan reras suna rawa da takalmana, ana yi musu liƙi, mai hoto yana haska ƙafafunsu. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta. Babur ɗina na sayar na biya mutanen Majema, na yi wata bakwai ina hawa A Daidaita Sahu. Kotu? Da wace takardar? Na bar ta da Allah, amma ban yafe ba.

Yanzu koma kan matar da ta zo maka. Ka ce ta dawo bayan la'asar, don ƙafa tana ɗan kumbura in an wuni a kanta, kuma biki da yamma ake yinsa. Ta tsaya a tsaye a kan kwali, nauyinta duka a ƙasa. Ba kai za ka kama ƙafar matar mutane ba, ka ba ƙanwarta ko 'yarta biro ta zagaye, biron a miƙe. Ƙafa biyun duka, don da wuya ka samu sun zo daidai, kuma da babbar ake aiki. Sannan a zagaya tef a wurin da ƙafa ta fi faɗi, gindin babban yatsa zuwa gindin ƙarami. Nan ne rigimar take. Mata biyu za su ce maka 39 suke sawa, ɗaya ƙafarta kamar ludayi ɗaya kamar faranti. Matanmu da yawa sun tashi cikin silifas da takalmi buɗaɗɗe, yatsunsu a baje suke, las ɗin da aka yi don siririyar ƙafa ba zai karɓe su ba sai ka yi masa ciko da fata a gefe.

In tana son baki mai tsini, ba a hana ta. Tsinin ya fara bayan yatsu sun ƙare, ka ƙara tsawo a gaba ya zama ado kawai, ba ka matse inda ƙafa take ba. Tsayi kuwa, ni ra'ayina inci 2, in ta matsa 2 da rabi, kuma dunduniya mai kauri. Duk abin da ka ƙara a baya, gaban tafin ƙafa ne yake ɗaukar nauyinsa. In ta nace sai dogo, ka sa mata tudu a gaba: inci 3 a baya da inci 1 a gaba, ido zai ga uku, ƙafa za ta ji biyu. Ka sa maɗauri a idon sawu ya riƙe ƙafar kada ta zurara. Kafin ka yanka komai, ɗora las a tebur ka sa dunduniyar a ƙarƙashinsa. Ta zauna daram, gaban tafin ya taɓa tebur, bakin ya ɗan ɗaga kamar kaurin fensir. In ka ga tana rawa, ba tata ba ce, canza. Kuma kada ka kuskura ka bar ƙarfen ciki don tsimin kuɗi, takalmi mai tsini ba shi ba ƙarfe karyewa zai yi a tsakiya.

Yadda ake shafa gam da jiran ya sha iska ba zan ɓata bakina a kai ba, wanda bai san wannan ba ya koma sayar da rake.

Ciki kuma fata za ka shimfiɗa, ba leda ba. Leda ba ta shan gumi, ba ta buɗewa, a zafin Kano ƙafa sai ta yi ta santsi a ciki har ta saɓule. Ga fatar jar akuyar Sakkwato a ƙofar gidanmu, wadda tun zamanin fatake ake ƙetare Sahara da ita har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, laushi kamar ƙyalle, tana bin siffar ƙafa cikin kwana kaɗan. Amma ku yaran yanzu sai ku tsallake ta ku ɗauko leda mai ƙyalli don ta fi fitowa a hoto. Duk aikinku na hoto ne. Ku ɗauka ku sa a Instagram, a yi ta danna muku, ba wanda ya taɓa tambayar mai takalmin yadda ta kwana. Ka ga ɗinkin da ka yi shekaranjiya? Ka bar gaɓar ɗinki daidai kan ƙaramin yatsa, wurin da zai fi gurzar mutum. Na gani, shiru kawai na yi.

Soson naka yana da wuri ɗaya: ɗan siriri a ƙarƙashin gaban tafin ƙafa, kuma tun wurin awo za ka bar masa fili.

In ta dawo ka karɓi kashi biyu cikin uku kafin ka taɓa almakashi, ka rubuta a littafi ta sa hannu, tsayi da launi da ranar karɓa. In ta ce ai ita babbar mace ce, ka turo ta wurina. Jakar nan tana nan a saman silin, sauko da ita ka ɗauki ƙafa ɗaya ka ɗora a tebur, ka gaya mini abin da ka gani.