Me ya sa ƙwararru ke barin gidan rediyo bayan an sayar da shi?

Malama, kin tambayi dalilin da ya sa manyan ma'aikata ke ajiye aiki a gidan rediyonku na Kaduna tun da wani babban kamfani ya saye shi. A ganina, albashi ba shi ne babban dalili ba. Sabbin masu gida sukan fara da rage kashe kuɗi, su haɗe sassa, su mayar da yanke shawara hedikwata, har ya zamana editan da ya san Rigasa da Tudun Wada ciki da waje sai ya jira izinin wanda bai taɓa sauraron shirin Hausa ba. Wannan rainin yana ci mini rai, domin ƙwararre ne ya fi saurin samun wani wuri, kuma masu sauraro muryarsa suke bi.

Kafin ki yanke shawara, ki nemi sabbin sharuɗɗan aiki a rubuce, ki tabbatar ana zuba miki fansho, wato kashi 10 daga kamfani da kashi 8 daga albashinki bisa dokar 2014. Idan an tauye miki haƙƙi, ki kai kuka reshen ƙungiyar 'yan jarida ta Najeriya (NUJ) na Kaduna.