Sallar mai tattaki a tsaunukan Yorkshire

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Landan. A watan Yuni za mu je arewacin Ingila mu yi tattakin tsaunuka uku na Yorkshire, wato Pen-y-ghent da Whernside da Ingleborough. Kewaye ne na kusan kilomita 39, ana son a gama cikin awa 12. Za mu kwana biyu a can. Wajen duk laka ne da sanyi da kashin tumaki. Zan iya yin ƙasaru da jam'i saboda wahala? Taimama fa?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, ƙasaru ya halatta gare ka, sai dai ba don wahalar da ka ambata ba. Gajiya ba ta rage raka'a. Manomin da ya yini yana huɗa ya fi ka jigata, kuma huɗu zai yi. Abin da shari'a ta rataya ƙasaru a kansa shi ne nisan tafiya: baridi huɗu a mazhabar Malikiyya, kimanin kilomita 80 da ɗoriya, zuwa kaɗai, ba a haɗa shi da dawowa. Kewayenku na kilomita 39 bai kai ba, ga shi kuma inda kuka tashi nan za ku dawo. Tafiyarka daga Landan ce ta mai da kai matafiyi, don ta ninka wannan nisa sau da yawa, kuma ba ka yi niyyar zaman kwana huɗu ba. Idan akwai abokinka mazaunin wani ƙauye kusa da wurin, shi zai cika sallarsa ko da tare kuka yini.

Wani zai ce ai Shehu Khalil a Mukhtasar, littafinsa na fiƙihun Malikiyya, ya fitar da mai tafiyar wargi daga wannan sunna ta ƙasaru. Haka ne, amma misalin da masu sharhi ke bayarwa shi ne mai farauta don nishaɗi kawai. Wanda ya fita motsa jiki da kallon halittar Allah, ina ganin tafiyarsa halal ce, ba ta shiga nan.

Jam'i ya fi faɗi. Malikiyya sun yi rangwamen haɗa Azahar da La'asar ga mai tafiya a ƙasa ko da ba ta kai nisan ƙasaru ba, don haka har wancan abokin naka ya samu. A Yuni rana ba ta gushewa a can sai wajen ƙarfe 1, kuma ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare. Idan kun tashi ƙarfe 7 na safe, zawali, wato gushewar rana, zai same ka kana tsakar tafiya, sai ka yi niyyar jinkirta Azahar ka haɗa ta da La'asar idan kun sauko, muddin ka san za ka iso kafin rana ta yi fatsi-fatsi. In ƙafa ta yi nauyi ka ga za ku makara, ka tsaya ka yi su a hanya.

Taimama kam ban ga hanyarta ba, domin wurin cike yake da ƙoramu. Ruwan zai iya zama ja-ja kamar shayi saboda baƙar ƙasar da yake ratsawa, wannan bai hana alwala da shi, tunda mazauninsa ne ya canza shi. Sai fa idan sanyi ya kai ka ji tsoron rashin lafiya da gaske. Amru ɗan Asi ya yi taimama a daren sanyi a yaƙin Zatus Salasil, Annabi (SAW) bai hana shi ba. A irin wannan hali ka bugi dutse, ba ciyawa ba.

Mafi sauƙi, ka yi alwala cikakkiya da safe sannan ka sa takalminka. Idan na fata ne ɗinkakke, ya rufe idon sawu, za ka iya shafa a kansa bayan ka kankare lakar, ka yi sallah da shi ba tare da ka cire ba. In na yadi ne, a mazhabarmu cirewa za ka yi ka wanke ƙafa. Laka ba najasa ba ce, kashin tumaki ma mai tsarki ne a wurinmu tunda ana cin namansu. Ka nemi wuri mai tauri nesa da gefen dutse, ka shimfiɗa rigar ruwanka, ka yi sallah a tsaye.

Wallahu a'alam.